Yatsan Nicholas

A Kakuri, idan ka tambayi gidan Istifanus Kazah sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Kwamared, ko mai Keken da ya zo unguwar bara zai nuna maka layin. Dogon tsoho ne mai sanƙo. Kunnensa na hagu ya mutu tun zamanin injina, shi ya sa yake juyo maka da na dama in kana magana, ko da yake ba kasafai yake barin mutum ya kai aya ba.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo, yana saurayi, lokacin da masaƙun kudancin kogi ke ɗaukar duk mai hannu biyu. A zamanin nan jiniyar masaƙa ce agogon kowa. Da ita mai ƙosai ke ɗora kasko, da ita ake tashin yara makaranta, in ta busa ta tashi daga aiki kuwa, titi ya cika da kekuna har akuya ba ta samun wurin ƙetarewa. An sa Istifanus a sashen buga zane, inda farin yadi ke bi ta ƙarƙashin manyan rololin jan ƙarfe ya fito atamfa. A nan ya haɗu da Nicholas, mutumin Filato, gajere, mai dariyar da ake ji ko inji na aiki.

Abotarsu gardama ce tun daga rana ta farko. Ƙungiyar ƙwadago ta tura Istifanus wani kwas, ya dawo da gurguzu a baki da sunan da ya bi shi har tsufa. Shi a ganinsa kasuwa kura ce, gwamnati ce takunkuminta. A rufe iyaka, a ƙayyade farashi, masaƙa ta zama ta jama'a, mai shara da manaja su ci a kwano ɗaya. Nicholas bai taɓa zuwa kwas ba, amma yana da nasa karatun. A ganinsa a bar kowa ya saƙa abin da ya iya, ya sayar wa wanda ya so, gwamnati ta tsaya can ta gyara hanya in za ta iya.

"Gwamnatin ai ita ce kurar, Kwamared," in ji shi. "Takunkumin kuma a bakinka yake, ba ka lura ba ne."

Haka suka yi ta yi a kantin cin abinci, a gidan burkutu, a ƙofar coci, har matansu suka daina shiga tsakani. Babu wanda ya taɓa kayar da wani, babu kuma wanda ya taɓa cin tuwon Kirsimeti ba tare da ɗayan ba.

Wata safiya, ana buga wani zane da mata suka sa wa suna Ganyen Rogo, jan ganye a kan ƙasa mai ruwan ƙwai, rola ta kama hannun Nicholas. Kafin Istifanus ya kashe inji ta tafi da yatsan da yake sa zoben aure. Zoben ya karci jan ƙarfen ya bar wani ɗan lanƙwasasshen tabo. Masu masaƙa suka duba suka ga sabuwar rola tsada, suka ce a ci gaba da wannan. Daga ranar, duk Ganyen Rogon da ya fito daga masaƙar yana ɗauke da ɗan farin layi a gindin ganye, a maimaice, kusan kowane kamu. Mai saye ba ya lura. Ma'aikata kuwa suka sa masa suna yatsan Nicholas, da shi suke gane nasu ko a jikin baƙuwa a tasha. Shi Nicholas aka mayar da shi sito, wurin ninke kaya.

Sai duniya ta juya. Atamfar waje ta fara shigowa, wata ta ƙofa wata ta taga, a farashin da ko audugar ciki bai kai ba. Gwamnati ta hana, ta sake, ta kuma hanawa, masu fasa-ƙwauri suna ta gina benaye. Wuta ta zama baƙuwa. Baƙin man da ake dafa tururi da shi ya yi wuya. Istifanus ya ce kun ga abin da sakin kura ya jawo. Nicholas ya ce wa ke riƙe da wutar da man, in ba mai takunkumin ba? Kowannensu ya ga gaskiyarsa a gawa ɗaya.

Akwai abin da ya faru a makon ƙarshe na masaƙar wanda Istifanus ya binne a cikinsa. Atamfa ba ta zama atamfa sai ta bi ta tururi, shi ke kama launi ya zaunar da shi. A makon nan tukunyar tururi a mace take, ba mai. Istifanus ne shugaban masu aiki a sashen, ya ce a buga haka nan, don kada a ce injinsa ya tsaya kafin a tsayar da shi. Aka buga Ganyen Rogo, aka busar, aka ninke turmi-turmi, kyakkyawa a ido. Amma ya san ruwa kofi ɗaya ya isa ya tona masa asiri. Kafin kayan su kai kasuwa aka garƙame ƙofa, jiniya ta yi shiru.

Wannan kaya na ƙarshe shi ya faɗo hannun tsofaffin 'yan sashen. Suka zauna suka yi doka: ba za a sayar ba, ba za a ɗaura ba. Duk wanda ya mutu a cikinsu, a lulluɓe akwatinsa da turmi ɗaya a binne shi da shi, ko shi babba ne ko mai shara. Aka ba Kwamared ajiya, ya zuba a akwatin ƙarfe da kafur ya tura ƙarƙashin gado.

"To, gurguzunka ya yi aiki a ƙarshe," in ji Nicholas. "Sai dai a maƙabarta."

Shekaru suka yi ta cin mutane, turamen akwatin ƙarfen na raguwa. Masaƙar tana nan tsaye, bishiyoyi sun huda rufinta, jemagu sun gaji injinan da 'yan gwangwan ba su kwashe ba. Akwai tsofaffin da har yau suke rantsuwa suna jin jiniya da sassafe, su tashi su nemi takalmi kafin su tuna. A kowace jana'iza Istifanus da kansa yake shimfiɗa turmin, kuma in da damina ne sai ya rufe shi da leda har akwati ya sauka rami. Mutane suka ɗauka girmamawa ce, shi kuwa ya bar kaza cikin gashinta. Da kayan suka kusa ƙarewa, ƙungiyar tsofaffin 'yan sashen ta yanke cewa biyun ƙarshe na Nicholas mai yatsa ne da Kwamared mai ajiya.

Istifanus bai taɓa daina yaƙinsa ba. Duk taron da aka kira kan farfaɗo da masaƙu yana sahun gaba, yana faɗin magana ɗaya: namu ba ya zuba, nasu wanki ɗaya ne. Wata shekara aka turo wani kwamiti daga sama su ji koken tsofaffin ma'aikata. Zaure ya cika, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Istifanus ya miƙe da ƙyallen Ganyen Rogo, ya ce in jami'ai na son kama jabu ga hanya mai sauƙi. Na waje sun kwaikwayi ganyen, sun kwaikwayi tambarin, amma ba su da wannan. Ya ɗora yatsa a kan farin layin, ya ba da labarin zoben tun daga farko, ya miƙa wa shugaban kwamiti ƙyallen ya ce a tafi da shi shaida. Aka yi tafi, kwamiti ya ci shinkafa ya shiga mota, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan wasu watanni Nicholas ya fara ƙorafin hannu. A lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da shi, kullum yana kan benci a ƙofar ɗakinsa, yana sosa wurin da yatsa ba ya nan.

"Ƙaiƙayi yake mini, mutumina," ya ce. "Irin na da, in inji ya tashi. Wani yana juya rolata a wani wuri."

Istifanus ya yi dariya ya ce tsufa ne. Amma ya lura abokinsa yana sosawar ne a kan ƙa'ida, ya sosa ya tsaya, ya sosa ya tsaya, daidai da yadda rolar take zagayowa. Bai ƙara dariya ba, ya kawo wata hira.

Ranar wata Lahadi Zumuntar Mata suka shigo coci da sabon anko, suna rangaji suna kaɗa shantu da tulu. Ganyen Rogo ne. Istifanus yana bakin layi, suka riƙa wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga farin layin a kafaɗar ta farko. Ya ga shi a ɗankwalin ta biyu, a ƙugun ta uku, a bayan mai goyo, lanƙwasasshe, a gindin ganye, inda ya san shi shekara da shekaru. Mata sun fi ƙarfin ƙirga, kowace da yatsan abokinsa a jikinta, suna waƙar tashin matattu. Bai ji wa'azin ranar ba ko da kunnen dama.

Wasu a Kakuri sun ce daga hotunan wayar ranar kwamitin nan aka kwafe layin, wato Kwamared da bakinsa ya koya wa kasuwa abin da ya rage mata. Wasu sun ce a'a, rolar ce kanta aka sayar a gwangwan ta ƙetare teku, tana can tana aiki a hannun mutanen da ba su san yatsan wa ta ci ba. Babu mai tabbas. Abin da ba a gardama a kai shi ne daga shagon wa matan suka saya. Jemimah ce, 'yar Istifanus ta fari, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Kakuri, kuma da cinikinta uban yake cin abinci da shan magani. Ya same ta da faɗa, ta saurare shi har ya gaji.

"Baba, abeg," ta ce. "Mutane suna tambaya, wai mai yatsa suke so, shi ne orijina. In ban kawo ba ta kusa da ni za ta kawo. Kasuwa ce."

Istifanus ya juya ya fita daga shagon. Ya koma gida yana jin kunyar da ba shi da wanda zai faɗa wa.

Da damina ta zauna, rufin ɗakinsa ya fara yoyo daidai kan gado. Hankalinsa ya tashi fiye da yadda yoyo ya cancanta. Jemimah ta ce a kai akwatin shagonta, can siminti ne sama da ƙasa, ya yarda. A kwanakin ne jikin Nicholas ya rikice. Istifanus ya je duba shi da rana, ya tarar ya zama ƙashi da ido, amma bakin yana nan.

"Kwamared, turmina yana nan?"

"Yana nan, Niko."

"Kada ka manta da ledarka." Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Ka ɗauka ban sani ba? Ni ne a sito makon nan. Hannun duk wanda ya ninke shi sai da ya yi ja."

Istifanus ya zuba masa ido. Shekarun nan duka mutumin nan yana riƙe da sandar da zai kayar da shi a gaban kowa, a gidan burkutu ko a zauren taro, bai taɓa ɗagawa ba.

"Ka lulluɓe ni da shi haka nan," in ji Nicholas. "Ya zuba, ya ƙi zuba, namu ne. Da hannunka ka buga shi. Ban son na baƙi a kaina."

Istifanus ya yi masa alkawari. Kafin mako ya zagayo Nicholas ya cika, ya kuma bar wasiyya a binne shi a nan garin, don ya ce Kakuri ce ƙauyensa.

Safiyar jana'iza Istifanus ya tafi shago ɗauko turmin, tare da Dattijo Yakubu, shugaban ƙungiya, da wasu tsofaffi biyu. Jemimah ta buɗe akwati, sai ta dafe ƙirji. Ashe ganin wurin bushe ne ya sa ta zuba nata Ganyen Rogon a kan na uban, da niyyar ta tuna biyun ƙasa nasa ne. Mata masu zaɓe kuwa sun zo sun birkita sama da ƙasa. Ga turame a jibge, ganye ɗaya, tambari ɗaya, yatsa ɗaya, duk sun sha warin kafur. Istifanus ya shafa wannan, ya shinshina wancan, ya kai ido kusa. Hannun da ya yi rayuwarsa a kan yadi ya kasa bambancewa.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Dattijo Yakubu. "Jemimah, kawo fiya wata. A jiƙa bakin kowanne. Wanda bai zuba ba shi ne namu. Ko ba haka kake faɗa kullum ba, Kwamared?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta fasa ledar ruwa da haƙori, ta riƙa ɗiga wa kusurwar kowane turmi tana murzawa da farin ƙyalle. Na farko bai zuba ba, na biyu ma haka, don kayan waje ma suna suka tara, ita kuwa mai kyau take sarowa. Sai ta zo kan wani, tana murzawa ƙyallen ya yi ja jawur, jan ya gangaro ta tsakanin yatsunta ya ɗiga a siminti. Can ƙasa aka sake samun wani irinsa. Biyu cif.

"Ga 'yan iskan nan," in ji Yakubu, ya ture su da ƙafa. "Kun ga aikin banza. Sauran kuwa sun yi ƙoƙari, amma namu na ciki. Kwamared, zaɓi, kai ka san hannunka."

Istifanus ya tsaya yana kallon turame biyun da ke yashe a ƙasa. Magana ɗaya ce, gajeriya, kuma tana kan harshensa. Amma ga Yakubu, ga tsofaffin da suka yi ta binsa taro suna tafa masa, ga 'yarsa da ya zage saboda kayan baƙi, ga mata sun fara taruwa a ƙofar shago. Motar gawa na ta hon a bakin titi. Ya sunkuya, ya sa hannu cikin waɗanda ba su zuba ba, ya ɗauko ɗaya.

"Wannan ne," ya ce.

A maƙabarta hadari ya haɗo tun fasto bai gama karatu ba. Istifanus ya fito da ledarsa don sabo, Yakubu ya riƙe masa hannu ya ce yau dai a bari duniya ta gani. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta dukan akwatin, atamfa ta jiƙe ta manne da katako. Jan ganye ya tsaya ja, ruwan ƙwai ya tsaya ruwan ƙwai, ko ɗis bai motsa ba. Yakubu ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, shekara nawa a akwati, ga aikin Kakuri. Tsofaffi suka yi ta share hawaye, wasu matasa suka ɗaga waya. Istifanus kaɗai yake kallon farin layin nan a saman akwati, jere, kowanne a lanƙwashe kamar yatsa mai kiran mutum. Aka ce ya yi jawabi, karo na farko a rayuwarsa ya girgiza kai. Mutane suka ce baƙin ciki ne, kuma ba su yi ƙarya ba.

Turame biyun nan Jemimah ta so ta yi tsumma da su, ya ce ta ba shi. Suna nan a akwatin ƙarfen da aka mayar ƙarƙashin gadonsa. Tun daga ranar bai ƙara zuwa taro ba. In aka tayar da zancen rufe iyaka ko buɗe ta a gabansa, sai ya juya wa mai maganar kunnen hagu. Yakan zauna a ƙofar gida da hantsi, mata na wucewa zuwa kasuwa da Ganyen Rogo a jiki, yana binsu da ido. Maƙwabta sun lura ya koyi wata ɗabi'a, yana sosa gindin yatsansa na zobe, ya sosa ya tsaya, ya sosa ya tsaya. Shi ya ce bai san yana yi ba.

Kwanan baya, da Jemimah ta kawo masa abincin rana, ya sa ta jawo akwatin ta buɗe. Danshin ɗakin ya riga ya shiga, jan ya fara bin farin layin yana cinye shi.

"In na mutu, da waɗannan za ki lulluɓe ni," ya ce. "Duka biyun. Ɗaya nawa ne, ɗayan saƙo ne zan kai wa mai shi. Kuma kada a sa leda."

"Baba, waɗannan fa su ne jabun. In ruwa ya sauko a gaban mutane za su zuba."

"Na sani," in ji Istifanus. "Namu ne."